Yadda Ake Tantance 'Yan Wasa Lokacin Atisayen Tunkarar Kaka a Besbol na Kwamfuta

Tun da muka fara haɗuwa a nan Gombe muna tafiyar da ƙungiyoyin besbol a kwamfuta, tambaya ɗaya ce take ta dawowa, daga abokai na cikin gari da kuma 'yan'uwa na Bauchi da ke aiko saƙo. An kammala wasannin atisaye, wani yaro da ba wanda ya san shi ya yi ta zuba bugu ba ƙaƙƙautawa, babban ɗan wasan da ke cin albashi mai tsoka kuwa ya kasa taɓuka komai. To wa za a ɗauka, wa za a sauke? Yawancinmu daga Football Manager muka taho, inda muka saba duba wanda ke tashe mu jefa shi fili. Wannan ɗabi'a tana cutar da mutum a besbol, domin sa'a tana da babban rabo a cikinsa matuƙar wasannin ba su yi yawa ba. Ga yadda nake bi da lamarin daga ranar farko har ranar miƙa sunaye. Misalaina daga Out of the Park Baseball ne, amma mai buga MLB The Show ma zai ƙaru. Haruffa irin su PA da K da BB haka suke a allon wasan, shi ya sa na bar su yadda za ka gan su.

Abin da za ka tanada

Ba sai da kwamfuta mai tsada ba. Yawancin wasan rubutu ne da lissafi, don haka laftof ɗin da ɗalibi ke aikin makaranta da ita za ta ɗauka. Ana sayen wasan da dala a Steam, kuma kowace shekara ana fitar da sabo. Idan aljihu bai cika ba, ka jira lokacin rangwame, ko ka tsaya a kan tsohon da kake da shi, domin duk abin da zan faɗa yana aiki a kansa. Akwai kuma OOTP Go, nau'in Out of the Park na waya. Bayan wannan sai littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, ko Excel ga wanda ya iya, da kuma filashi na ajiyar kwafi. Abin da ya fi komai tsada a aikin nan shi ne lokaci: mai son ya danna maɓalli ɗaya ya tsallake wata guda ba zai ga komai ba.

1. Ajiye kwafi, ka duba saitin lig

Kafin wasan farko, ka kwafi fayil ɗin lig ɗinka zuwa filashi. Sannan ka shiga saiti ka duba abu biyu: wane ma'auni ake nuna ƙimar 'yan wasa da shi, kuma yaya ingancin rahoton masu leƙen 'yan wasa yake. Ina ba da shawarar ma'aunin 20 zuwa 80, wanda shi ake amfani da shi a Amurka, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar lig, 60 mai kyau, 70 zuwa sama kuma gwani.

Gargaɗi: idan batirin laftof ɗinka ya mutu, kada ka danna ajiya a lokacin da wuta ke rawa. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiya tana iya lalata lig gaba ɗaya. Da zafin Maris da Afrilu na Gombe kuma, kada ka ɗora kwamfuta a kan katifa tana lissafi.

2. Rubuta gurabun da ba su da mai su

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, alhali a kansa sauran suka ginu. A dokar yanzu ta MLB, wato babbar lig ta besbol a Amurka, ana fara kaka da 'yan wasa 26, kuma masu jifa ba za su wuce 13 ba. Yadda aka saba rabawa: masu fara jifa biyar, masu karɓar jifa (waɗanda ke canjin mai fara jifa a tsakiyar wasa) takwas, masu bugu tara da ke fara wasa, sai huɗu a benci, wanda dole ɗaya daga cikinsu ya zama mai cafewa (mai kama jifa a bayan mai bugu) na biyu.

Ɗauki littafinka ka jera gurabu 26. Duk gurbin da ka san mai shi ko da atisayensa ya yi muni, rubuta sunansa da biro. Sauran ka bar su fayau, ka rubuta sunayen masu takara biyu ko uku a gefe. Galibi za ka tarar gurabu uku zuwa biyar ne kaɗai ake takara a kansu: mai fara jifa na biyar, ɗaya ko biyu a masu karɓa, kujerar ƙarshe a benci. Atisayen nan don waɗannan gurabun ake yi.

A kula: ka yi wannan rubutu kafin ka ga sakamako ko ɗaya. Da zarar ka ga wani ya buga ƙwallo ta ƙetare katanga sau uku a mako, zuciyarka za ta fara neman masa gurbin da babu.

3. Ɗauki ƙimar kowa a ranar farko

Ga masu takarar nan, ka rubuta abu uku. Na farko, ƙimar da mai leƙenka ya ba su yau, ta yanzu da wadda ake hasashen za su kai. Na biyu, alƙalumansu na shekaru biyu ko uku da suka wuce, tare da matakin da suka buga, domin abin da aka yi a Triple-A (matakin ƙananan lig mafi sama) ba ɗaya yake da na Double-A (na ƙasa da shi) ba, balle na babbar lig. Na uku, shekarunsu. Ka tura mai leƙen ya sake duba su yanzu, za ka kuma sake tura shi a ƙarshe.

Dalilin wannan shi ne yadda injin wasan ke aiki. Kowane ɗan wasa yana da ainihin ƙima a ɓoye. Duk lokacin da ya tsaya bugu, kwamfuta tana haɗa ƙimarsa da ta mai jifa, ta jefa ƙuri'a, sakamako ya fito. Rahoton mai leƙe ƙoƙari ne na hango wannan ƙima, alƙaluman baya kuma ƙuri'u ne ɗaruruwa da aka riga aka jefa. Na atisaye 'yan kaɗan ne a kansu.

4. Raba lokacin wasa da hannunka

A Amurka ƙungiyoyi 30 suna rabuwa gida biyu, 15 a Florida, 15 a Arizona, kowacce ta buga wasanni wajen 30 daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Maris. Wasan kwamfuta yana kwaikwayon wannan. Idan ka bar wa kwamfuta ta tsara, za ta watsa lokacin ga kowa da kowa, ka ƙare ba ka ga masu takararka yadda ya kamata ba.

Ka saka masu takara su fara wasa, su tsaya bugu sau uku ko fiye. Farkon wasa ne ake haɗuwa da masu jifa na gaske, ƙarshensa kuwa yaran ƙananan lig ne ke cika fili, kuma bugun da aka yi musu ba ya nuna komai. Ka tabbatar kowane mai takara ya fuskanci masu jifa da dama da masu jifa da hagu. Idan mutum biyu na neman gurbi ɗaya, ka riƙa sauya su kullum don kada ɗaya ya tara masu sauƙi.

Manyan 'yan wasanka ma suna buƙatar fita, saboda Out of the Park yana lissafa tsatsar da hutu ke sa wa ɗan wasa, kuma buga wasa ne ke kankare ta. Su fito su tsaya sau biyu ko uku, ka cire su. Masu fara jifa kuma a hankali ake ɗaga su: fitar farko zagaye biyu (wasa guda zagaye tara ne), jifa 30 zuwa 35, sannan a riƙa ƙara kamar 15 kowace fita har su kai wajen 90.

Gargaɗi: nasarar atisaye ba ta shiga teburi, amma raunin atisaye yana bin ka cikin kaka. Kada ka bar gwaninka a fili don kana son cin wasan da ba a ƙirgawa.

5. Tafi mako-mako

Ka tura wasan gaba kwana bakwai, ka tsaya, ka duba jerin masu rauni, ka gyara rabon lokaci, ka rubuta alƙaluma, ka ajiye kwafi. Makon farko kada ka yanke hukunci a kan kowa, tsatsa ce ke magana.

6. Karanta masu bugu

A nan ne ake yin asara. Ɗan wasan da ya samu lokaci sosai a atisaye zai tsaya bugu sau 50 zuwa 60 ne kawai, a kakar da ke da wasanni 162 kuwa yana iya wuce 600. Mu yi lissafi. Wanda ya yi bugun nasara 15 cikin 50 yana da AVG, wato kason bugun nasara, .300. Idan uku daga ciki sun faɗa hannun mai tsaro, ya koma .240. Idan uku suka ƙaru, ya zama .360. Ƙwallo uku kacal ne tsakanin wanda za a ce ya gaza da wanda za a ce ya iya. Ɗan wasan da ainihin ƙarfinsa .270 ne, in aka ba shi bugu 50, abu ne na yau da kullum ya ƙare ko'ina tsakanin .210 da .330, kuma kusan sau ɗaya cikin uku zai fita ma daga wannan iyaka. Mai sayen masara a Tudun Hatsi ba ya ɗibar tafin hannu ɗaya daga bakin buhu ɗaya ya yi cinikin mota guda a kansa, to AVG na atisaye tafin hannu ɗaya ne.

Ba a kwamfuta kaɗai ba. A atisayen 2018, Shohei Ohtani da ya zo daga Japan ya yi bugun nasara 4 cikin 32, jifarsa ma aka yi ta dukan ta, har wasu suka fara cewa a kai shi ƙaramar lig. Los Angeles Angels ba su saurara ba. A ƙarshen wannan kaka ya buga 22 sun ƙetare katanga, aka ba shi kyautar sabon ɗan wasa mafi fice a American League.

To me za ka duba? Abubuwan da ke bayyana da wuri. Mai nazarin besbol Russell Carleton ya auna yawan tsayuwar da ake buƙata kafin alƙalami ya fara nuna ƙwarewa fiye da sa'a. Yawan K, wato fitar da mai bugu da sitirayik uku (jifa uku da ya kasa bugawa), yana fara zama abin dogaro a wajen PA 60, wato tsayuwar bugu sau 60. Yawan BB, wato kyautar zango (matsayar farko a fili) idan mai jifa ya kauce sau huɗu, sai wajen 120. Bugun ƙetare katanga wajen 170, OBP (yawan isa zango) wajen 460, AVG kuwa sai an haura 900. A kan wasan gaske aka yi awon, amma tun da injin kwaikwayonsa yake yi, jerin yana da amfani a wurinmu. Ka ga ke nan a cikin atisaye K ne kaɗai ke kusantar iyaka, BB na biye da shi a rabin hanya.

Don haka ka raba K da PA, ka raba BB da PA. A babbar lig ta 'yan shekarun nan matsakaicin K yana wajen kashi 22 cikin 100, na BB wajen kashi 8. Sannan ka duba BABIP, wanda ke nuna kashi nawa na ƙwallayen da aka buga cikin fili suka zama nasara. Ana cire HR (bugun ƙetare katanga) daga H (bugun nasara), a raba da AB (tsayuwar bugu ban da irin su BB) bayan an cire K da HR an ƙara SF (bugun sama da aka cafe amma abokin wasa ya ci maki). Matsakaicinsa yana tsakanin .290 da .300.

Ga misali da na ƙirƙira don a gane. Ɗan wasa na farko: AB 50, H 19, HR 1, K 14, BB 2. AVG ɗinsa .380, kowa na yabonsa. Amma K ɗinsa kashi 27 ne, BB bai kai kashi 4 ba, BABIP kuma .514, abin da ba wanda ke riƙewa tsawon kaka. Na biyu: AB 50, H 11, HR 2, K 6, BB 9. AVG .220 ne, ba ya burge ido. Amma K ɗinsa kashi 10, BB kashi 15, BABIP .214. Wannan yana ganin ƙwallo, yana taɓa ta, faɗawa hannun masu tsaro kawai take yi. Idan ƙimarsu da tarihinsu sun yi kusa, na biyun zan ɗauka ba tare da jinkiri ba.

A kula: ka gwada waɗannan kaso da na ɗan wasan kansa a bara, ba da na lig kaɗai ba. Mai ƙarfin bugu da ya saba K kashi 28 bai canza ba don ya yi 27. Abin lura shi ne yaron da ya sauko daga 30 zuwa 18, kuma mai leƙe ya ce ƙimarsa ta gujewa K ta ɗaga. Idan shaidu biyu suka haɗu haka, to ka saurara.

7. Karanta masu jifa

Ka rufe ido daga ERA, wato matsakaicin makin da ake cin mai jifa a zagaye tara. Mai jifa da aka ci maki 4 a zagaye 12 yana da 3.00. Jifa ɗaya ta kuskure da mutum biyu a kan zango, ƙwallo ta ƙetare katanga, ya koma 5.25. Mai karɓar jifa ma da wuya ya samu zagaye 10 a duk atisayen.

Abin ƙirgawa shi ne BF, yawan masu bugun da ya fuskanta, da K da BB da ya yi a cikinsu. K na mai jifa yana fara faɗar gaskiya a wajen BF 70, BB kuwa sai wajen 170. Cire kason BB daga na K: wajen 14 matsakaici ne, 20 zuwa sama abin farin ciki, ƙasa da 10 abin damuwa. Bayan haka ka buɗe shafinsa ka duba gudun jifarsa. Matsakaicin jifa mai sauri a MLB yanzu yana wajen mil 94 a awa, kimanin kilomita 151. Idan na tsohon ɗan wasanka ya sauka daga inda yake bara, wannan ba ƙuri'a ba ce, jikinsa ne ya fara ja baya, kuma ya fi duk wani ERA muhimmanci.

Ga mai neman gurbin fara jifa na biyar, ka ƙara duba biyu: juriyarsa, da ko yana da nau'in jifa uku masu amfani. Mai nau'i biyu yana iya haskakawa a zagaye biyu na atisaye, amma a kaka, idan masu bugu suka gan shi karo na uku a wasa ɗaya, sai su gane shi. Wurinsa cikin masu karɓa ne.

8. Tsaro da lafiya

Alƙaluman tsaro na wata ɗaya ba su da amfani, ƙimar mai leƙe za ka bi. Amfanin atisaye a nan shi ne koyar da sabon wuri: ɗan benci da ka ke so ya iya tsaron wurare uku, yanzu ne lokacin saka shi, tun kuskurensa ba ya jawo asara. Ka duba kuma abin da aka rubuta game da saurin jin rauninsa. Idan mutum biyu sun yi kunnen doki, mai ƙwarin jiki da ke iya tsaron wurare da yawa ya fi cancantar benci.

9. Duba doka kafin ka taɓa kowa

Mutane da yawa sun tantance daidai, sannan suka rasa ɗan wasa a banza a wannan mataki. Bayan jerin 26 akwai babban jeri na 40. Wanda ke cikin 40 ana iya saukar da shi ƙaramar lig ba tare da haɗari ba a kakanni uku. Idan damar ta ƙare, ba ya sauka sai an tallata shi ga sauran ƙungiyoyi, kuma duk mai so zai ɗauke shi. Wanda ya yi shekara biyar a babbar lig yana da ikon ƙin sauka. Wanda ka ɗauko a zaɓen Rule 5 na Disamba (inda ake ɗaukar 'yan wasan ƙananan lig na wasu ƙungiyoyi) dole ya zauna a babbar ƙungiya duk kakar, in ba haka ba a tallata shi, in ba mai so a yi wa tsohuwar ƙungiyarsa tayin mayar da shi. Wanda ka gayyato atisaye ba ya cikin 40 kuwa, shigarsa na nufin fitar wani, sai dai in kana da mai dogon rauni da za ka mayar jerin jinya na kwana 60.

A gefen kowane mai takara ka rubuta damar sauka nawa ta rage masa. Idan bambancinsu kaɗan ne, ka riƙe wanda damarsa ta ƙare, ka saukar da mai dama. Ta haka duka biyun suna hannunka, kuma kaka mai wasa 162 ba ta ƙarewa ba ka nemi na biyun ba.

Gargaɗi: yaro mai shekara 20 ko 21 da ake hasashen zai yi nisa, kada ka kawo shi ya zauna a benci don ya burge ka a Maris. Buga wasa kullum ne ke gina shi, ga kuma kwanakin hidimarsa a babbar lig da ke fara ƙirguwa, kwana 172 shekara guda, shekara shida ya samu 'yancin tafiya inda ya so. Ko dai ya zo ya riƙa fara wasa, ko ya zauna a Triple-A.

10. Yanke hukunci

Kwana biyu ko uku kafin buɗe kaka, ka karɓi sabon rahoton mai leƙe ka ajiye shi kusa da na ranar farko. Ni a wurina tarihin ɗan wasa yana ɗaukar rabin nauyi, ƙimar mai leƙe kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage shi ne na atisaye, kuma shi ma K da BB da gudun jifa da lafiya nake nufi. Ga yaron da bai da dogon tarihi, sai in ƙara wa mai leƙe nauyi. Sunayen da ka rubuta da biro a mataki na 2 ba sa motsi sai da ɗayan dalilai biyu: rauni, ko faɗuwar ƙima a bayyane.

Cike gurabun, ka tsara jerin bugu na fuskantar mai dama da na mai hagu, ka mayar da iyakar jifa da ka sa wa masu fara jifa a atisaye yadda take ta kaka, domin mutane kan manta da ita a kan 60 su yi mamakin yadda ake cire gwaninsu a zagaye na huɗu. Idan lig ɗinku na mutane da yawa ne, ka tura wa mai kula da lig fayil ɗinka tun da rana, kada ka bari sai daren ƙarshe sabis ya ƙi. Sannan ka rubuta tsakiyar Mayu a littafinka. A lokacin an buga wasa wajen 40, masu fara wasa sun kai PA 150 ko fiye, K da BB sun wuce iyakar da za a yarda da su. Ranar ce za ka sake buɗe shafin masu takarar nan, na sama da waɗanda ka saukar, ka ga ko akwai wanda ya kamata a sauya.